Dambun da Ya Haye Teku

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ku ara mini kunne. Wannan da zan ba ku da rana tsaka ta faru, da idona na gani, da ƙafata na taka, har yau kuma in na tuna ta sai gwiwata ta amsa.

Wata shida na yi a birnin New York, a gidan autata. Ita nas ce a wani asibiti, aikin dare take yi. Mijinta yana tuƙa motar kaya a filin jirgin sama, can wajen unguwar Jamaica, da asuba yake fita. 'Ya'yansu biyu, duk mata: babbar shekara goma sha shida, ƙaramar tara. Gidan yana hawa na goma sha ɗaya a Concourse Village, cikin unguwar Bronx, in ka leƙa ta taga sai ka ga mutane kamar tururuwa.

Sanyin garin na jure shi. Turancin jikokina ma na kau da kai, tunda in na yi musu Hausa suna ji, amsar ce dai sai da yaren Nasara. Abu guda ne ya tsaya mini a wuya. Wata shida cur, ban taɓa ganin hannu biyu a kwano ɗaya ba a gidan nan. Autata a tsaye take ci, gaban firji, takalmi a ƙafa. Babbar jikata ta ɗauki nata ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ƙaramar tana gaban talabijin da cokali. Ni in dafa, a zuba a robobi, a jera a firji, kowa ya zo ya ɗumama nasa lokacin da ya ga dama, kamar gidan haya.

Ni kuwa 'ya'ya bakwai na raina a ƙauyenmu na bayan Ringim, kuma a bakin faranti na san kowannensu. Wanda ba shi da lafiya, wadda ke fushi, mai rowa, mai kawaici, duk hannu ne yake faɗa mini. Ga shi zan koma gida ban san yadda hannun jikokina yake ɗaukar loma ba.

Na yi magana ba sau ɗaya ba. Sai a ce, "Gobe, Inna." Gobe ta zo a ce, "Lahadi, Inna." Ana haka har tikitin komawata ya fito, ranar Alhamis. Lahadi ɗaya ta rage wadda kowa yake gida, ita ma autata za ta shiga aiki ƙarfe bakwai na yamma. Na ce to, wannan Lahadin zan yi dambu, mu zauna mu huɗu a faranti ɗaya, ni da ita da yaran, ko da shi ke nan a duniya.

Surukina mutumin kirki ne, Allah ya sani. Kullum sai ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa. Aibinsa ɗaya: mai shawara ne. Ranar Juma'a autata ta shigo ɗakina tana sosa ƙeya.

"Inna, baban yara ya ce bai kamata ki koma ba ki ga teku ba. Akwai wani tsibiri da masu hali suke zuwa hutawa, abokin aikinsa ya ba shi labari. A jirgin ruwa ake zuwa, a dawo a ranar."

Na ce, "Me na ajiye a tsibiri?"

"Ya riga ya shirya komai, Inna."

"Dambun fa?"

"Sai mu tafi da shi. Mu shimfiɗa tabarma a bakin ruwa, mu ci a can. Babu talabijin, babu ɗakin da wata za ta shige."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kama ni. Na ce Allah ya kai mu.

Ranar Lahadi ina sallame sallar asuba na shiga kicin. Babu madambaci a ƙasar nan, sai na ɗora rariyar ƙarfe a kan tukunya na naɗe bakin da tsumma. Na turara ɓarzajjiyar shinkafa, na zuba zogalen da na taho da shi tun daga gida nake ta adana shi, da albasa da attaruhu da dakakkiyar gyaɗa, na mayar na sake turarawa. Na soya kaji biyu. Na ɗura zoɓo a gora. Na zuba wa surukina nasa daban a kwano mai murfi, domin ko a bayan duniya ne suruki ba ya haɗa hannu da uwar matarsa, ba ya ma ci tana kallo. Sauran na juye a babbar kula mai taya. Cokali kuwa da gangan na bar shi a gida.

Farantin shi ne ya ƙi shiga ko'ina. Babba ne, na silba, na naɗe shi a zani na miƙa wa babbar jikata. Ta ja da baya tana magana, uwarta ta fassara: wai mutane za su kalle ta.

Na ce, "Ƙawata, ke da kika huda hanci sau biyu, yau kike gudun kallo?"

Ta yi dariya amma ba ta karɓa ba. Na ɗora abina a ka.

Ba zan gajiyar da ku da hanya ba, ko da yake ni ta gajiyar da ni. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, mu sauka, mu hau wani, matattakala sama, matattakala ƙasa, surukina yana ciccibar kula yana haki. A tashar Jamaica muka shiga babban jirgin ƙasa. Daga shi ƙaramar mota, daga ita bakin ruwa. Hantsi ya yi zafi kafin mu ga jirgin ruwan.

A bakin jirgin wani saurayi ya nuna kulata ya ce ta yi girma, wai irinta jirgin kaya ne yake ɗauka, sai anjima ta iso. Na ce a tambaye shi ko ya taɓa ganin an raba matafiyi da guzurinsa. Ba wanda ya fassara. Sai kawai na zauna a kanta, faranti a kaina, na dubi gabas. Layi ya tsaya a bayanmu. Saurayin ya dube ni, ya dubi layin, ya ɗaga hannu ya ce mu wuce.

Ni ba baƙuwar ruwa ba ce. Da damina a kwale-kwale muke haye kogi mu ci kasuwa, da awaki da buhunan gero. Amma ban taɓa shiga jirgin da kare yake zaune a kujera da riga a jikinsa ba, mutum kuma yana tsaye. Kujerun a jere suke, kowa yana kallon ƙeyar na gabansa. Iska ta yi ta fizgar mayafina har muka isa. Surukina ya leƙo daga can baya ya ce wa matarsa ta tambaye ni ko ina jin daɗi. Na ce a ce masa muna godiya.

Tsibirin babu mota ko ɗaya. Hanyoyin na katako ne da siminti, 'yan siri-siri, manyan mutane suna jan wasu 'yan kekunan kaya ja-ja-ja kamar na wasan yara. Muka ratsa garin zuwa ɗaya gefen, inda babban tekun yake. Tekun dai na gan shi, ikon Allah ne, ba shi da ƙarshe. Abin da ke kwance a bakinsa ne ban so gani ba. Tsofaffi sa'o'ina, da furfurarsu, sun shanya jiki a rana da ɗan ƙyallen da bai isa ɗaurin kan jaririya ba. Na sauke idona a kan rairayi, na ce a nema mana gefe.

Muka shimfiɗa tabarma. Surukina ya ɗauki kwanonsa ya yi nisa, ya juya mana baya. Na warware faranti, na buɗe kula, ƙamshi ya tashi. Na fara zubawa. Yaran sun zauna, uwarsu ta zauna. Na ce a raina, yau dai Allah ya yi.

Sai ga inuwar mutum a kan farantin. Wani matashi ne da kayan ma'aikata, gajeren wando da 'yar rediyo a kafaɗa, yana magana yana nuna abincin. Na yi abin da duk ɗan halak zai yi in mutum ya tsaya a kansa yana cin abinci. Na ce, "Bismillah," na zaɓo cinyar kaza mai kyau na miƙa masa.

Ban san surukina yana iya gudu ba sai ranar. Ya iso yana tuntuɓe a rairayi, ya manta da kunya, ya yi mini magana kai tsaye.

"Hajiya, a mayar! Don Allah a mayar! Zai ce cin hanci ake ba shi!"

"Cinyar kazar?"

Autata ta miƙe suka yi ta Turanci da matashin. Ta juyo ta ce, "Inna, wai doka ce a garin nan. Ba a cin abinci a bakin ruwa. Ruwan sha kawai aka yarda."

Na ce, "A kan rairayin Allah?"

"Wai saboda datti da tsuntsaye. Ya ce wannan karon gargaɗi ne, in ya dawo ya same mu rubuta mu zai yi. Ga allo can a mashiga, an rubuta."

Na waiwaya, ga allon kuwa, ƙato, mun wuce ta gindinsa mu biyar. Na ce, "Ni dai ban yi boko ba. Ku huɗun nan da kuka yi, wa ya karanta?"

Can babbar jikata ta ce wani abu a hankali. Uwarta ta dafe kai. Wai ta karanta, amma ba wanda ya tambaye ta.

Haka na juye dambun a kula, iska ta riga ta yayyafa masa rairayi. Na naɗe faranti na mayar ka.

Daga nan yawon ya fara. Muka koma tsakiyar gari, inda kantuna suke. Akwai bencina, amma duk wanda muka nufa ko dai da mutane, ko wata ta fito daga kanti ta ce na masu sayen kayanta ne. Muka sami wani ɗan fili mai ciyawa, kore shar, da inuwa. Shi ma da allonsa. Wannan karon na tsayar da babbar na ce karanta da ƙarfi, kowa ya ji. Ba a zama a kan ciyawar. Na ce to don wa aka shuka ta? Ba wanda ya sani.

Surukina, mai shawara, ya sake kawo wata. Ya aiko matarsa wai mu shiga gidan abinci mu sayi nasu, mu zauna a tebur ɗaya, ai duk zama ne.

Na ce, "Tambaye shi, zogalen da na goyo tun daga Ringim in ba kifi? Kuma shi a ina zai zauna, ƙarƙashin teburin?"

Ba ta kai saƙon ba.

Ƙaramar ta fara kukan yunwa, tana jan hannun ubanta wajen mai askirim. Na ce kada a kuskura, in ta cika ciki da wannan ina dambun zai shiga? Na juya in gyara ɗaurin faranti, kafin in waiwayo ga ta da shi a hannu, hawa biyu, yana zuba har gwiwar hannu. Uban yana kallon sama.

Ana haka sai ga barewa. Barewa sosai, da ƙafafunta huɗu, tana tafe a tsakiyar hanya kamar ita ta gina garin. Ta zo ta sunsuna kulata. A garinmu da tuni tana cikin tukunya. Nan kuwa wai ko ba ta abinci laifi ne. Ta wuce gaba kaɗan ta kafa kai a furannin wani gida tana ci hankali kwance. Na ce ku duba, dabba tana kiwo a bakin hanya ba mai rubuta ta, mu 'yan Adam muna yawo da abinci kamar mun sato. Babbar jikata ta bi barewar da waya tana ɗaukar hoto, ta sha kwana, ba mu sake ganin yarinyar ba.

Duk wannan abin autata idonta yana kan agogo. Ta ce, "Inna, jirgin ƙarfe uku shi ne namu. In ya wuce mu, ba zan kai asibiti bakwai ba. Yanzu biyu ta yi."

Na tsaya na sauke faranti. Na ce, "Duk garin da ke bayan ƙasa akwai zaure a cikinsa. Matafiyi ya yi sallama, a ba shi inuwa da ruwa. Ga gidaje nan da rumfuna, kujeru a jere ba kowa. Zan yi sallama."

"Inna, nan ba a yin haka! 'Yan sanda za su kira mana."

"Su kira. Ko su ma na yi musu bismillah."

Na kama hanya, suka biyo ni suna roƙo. Gidan farko na yi sallama sau uku, kare ne ya amsa. Na biyu ba motsi, sai wata tsohuwa da ta ɗaga labule ta sake shi. Surukina yana bayana yana ta salati ƙasa-ƙasa. A gida na uku na ɗaga murya na ce, "Salamu alaikum, masu gida!"

Daga bayan rumfa wata murya ta ce, "Wa alaikumus salam!"

Sai ga mace ta fito, baƙa, kakkaura, da ɗankwali da rigar masu jinya, tana turo wani tsoho Bature a keken guragu. Ta tsaya ta buɗe baki.

"Ei! Mma! Daga ina? Faranti a kai a garin nan?"

'Yar Zongon Kumasi ce, Hausarta irin tasu, tana kula da tsohon tun farkon zafi da 'ya'yansa suka kawo shi hutu. Na ba ta labari a taƙaice. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta daina.

"Mma, wallahi da gidana ne da kin shiga har ɗaka. Amma dubi can." Ta nuna wani ɗan baƙin abu a saman ƙofa. "Ido ne. Masu gida suna birni amma suna kallo a waya. In na zaunar da ku, gobe ba ni da aiki." Ta ja hanci. "Wannan ƙamshin, attaruhu ne? Wata biyu ban ji yaji a bakina ba. Dafaffen kifi ba gishiri, shi muke ci ni da Baba."

Na buɗe kula a bakin hanya, doka ko ba doka ba, na cika mata roba, na ɗora cinyar nan da aka ƙi karɓa. Tsohon ya miƙo hannu shi ma. Ta mayar masa da hannun kan cinyarsa tana lallashi.

Ta ce, "Ku saurara. Ku koma bakin jirgi, ku wuce inda fasinja suke shiga, ku bi ta hagu. Akwai rumfar da jirgin kaya yake sauke kaya. A bayanta mu ma'aikata muke cin abinci, masu shara, masu yankan ciyawa, masu wanke-wanke. Ba mai zuwa can ya dame ku. Masu hutu ba su ma san da wurin ba."

Wurin da surukina ya ɗauko mu tun daga Bronx don mu huta ke nan: bayan rumfar kaya. Tukwanen gas a jere, kwalaye jibge, manyan durom na shara, warin kifi da na man jirgi. Teku ma ba a hango shi, sai wani ɗan ruwa mai datti tsakanin katakai. Wasu ma'aikata biyu suna zaune suna cin nasu, ba mu jin yarensu ba su jin namu. Da suka ga tsohuwa da kaya sai suka miƙe, suka jawo mana katako mai faɗi, ɗaya ya share shi da hularsa. A duk tsibirin nan su ne suka san baƙo.

Uku saura kwata. Na shimfiɗa tabarma. Surukina ya zagaya bayan kwalaye da kwanonsa. Na zuba dambu, na yaryaɗa mai, na barbaɗa yaji, na jera kaji. Babbar ba ta nan. Uwarta ta kira ta a waya, ta sake kira, tana faɗa. Da ƙyar ta ɓullo, tana nuna wa ƙanwarta hotunan barewa. Ƙaramar ta ce ta ƙoshi. Babbar ta duba kula ta duba jaka, wai ina cokali. Na zuba musu ruwa a hannu kawai.

Sai jirgin ya yi kuka.

Autata ta zabura. "Inna, rufe, rufe! Ma ci a cikin jirgi."

Na ce, "A jere, kowa yana kallon ƙeyar wani, kare a gefe?"

"To a gida."

"A gida kina shiga za ki sa farar riga ki fita da loma a baki. Wannan ta shige ɗaki, wannan ta kunna talabijin."

"Inna, aiki ne! Marasa lafiya ne suke jira, ba wasa ba!"

Na ce, "Na sani. Wata shida kina ce mini gobe, ban taɓa musa miki ba. Goben ta ƙare, auta. Alhamis ce ta rage. Ki tashi ki bi jirginki, ba zan yi fushi ba. Ni dai na riga na wanke hannu."

Ta tsaya a kaina tana huci, jaka a kafaɗa. Ta dubi wajen jirgin, mutane suna ta shiga. Ta dubi farantin. Sai ta ciro waya ta koma gefe, ta daɗe tana Turanci, muryarta tana hawa tana sauka. Jirgin ya sake kuka, muka ji ƙarar injinsa tana nisa. Ta dawo, ta tuɓe takalmi, ta zauna, ta miƙo hannu na zuba mata ruwa.

"Na sami wadda za ta riƙe mini. Ku ci."

Muka yi bismillah.

Kada ku zaci daɗi ne zalla. Dambun ya huce, kowace loma sai haƙori ya gamu da rairayi. Ƙaramar ta kawo hannun hagu na buge shi. Babbar ta kai hannu tsakiyar faranti, na ce ci gabanki, ba gona ba ce. Dambun yana zube mata ta tsakanin yatsu, rabi a baki rabi a cinya, sai da na kama hannunta na nuna mata yadda ake dunƙulawa a tura da babban yatsa. Ƙuda ya zo. Iska ta kawo warin durom.

Muna tsaka da ci muka ji ihu a bayan kwalaye. Wani farin tsuntsun teku, ƙato kamar agwagwa, ya tashi sama da rabin kaza a baki. Surukina ya fito da kwano a kife, dambu a gaban rigarsa. Ƙaramar ta matsa ta buga tabarma, tana kiransa ya zo ya zauna a ci da shi. Ya dube ni, na dubi ƙasa, ya koma bayan kwalayen da sauri kamar an kore shi. Na zuba masa a murfin kula na ba ta ta kai. Ma'aikatan nan ma na aika musu, suka ci suna hura baki suna ɗaga mini babban yatsa.

Amma na ga abin da na zo gani. Wadda ta ce ta ƙoshi ita ta fi kowa ci, tana tsince zogale tana ɓoyewa a ƙarƙashin bakin faranti, sak yadda uwarta take yi tana ƙarama. Babbar, mai rufe ƙofa, mai hudar hanci, duk tsokar da ta faɗo gabanta sai ta tura ta gaban ƙanwarta da ɗan yatsa, tana kallon wani wuri don kada a lura. Haka yayata marigayiya take yi mini. Wata shida ina zaune da yarinyar nan ina ce mata marar kula. Autata kuwa hannunta da ƙyar yake ɗago loma. Ba ta kai ƙarshen farantin ba ta jingina da bangon rumfa barci ya ɗauke ta, da maiƙo a yatsu. Na hana yaran tashinta.

Sai a babban jirgin ƙasa, muna komowa da la'asar sakaliya, na tambaye ta yadda suka yi da abokiyar aikin. Ta yi ta kewaye-kewaye. Daga baya ta faɗa: matar ta yarda ta riƙe mata daren, amma sai ta karɓar mata aikin ranar Alhamis, daga safe har dare.

Na ce, "Alhamis ɗin tafiyata?"

"Ita."

"Wato ba za ki raka ni filin jirgi ba. Me ya hana ki faɗa mini tun a can?"

"Da na faɗa, da kin tashi?"

Na yi tunani na gaskiya, na ce, "Da ban tashi ba."

Ta ce, "Na sani," ta mayar da kai jikin taga.

Haka kuwa aka yi. Ranar Alhamis a bakin ƙofa muka yi sallama da sassafe, tana cikin farar riga, lifta tana jira. Surukina ne ya kai ni, ina kujerar baya, tun daga Bronx har filin jirgi ba mu ce uffan ba sai "Allah ya kiyaye hanya" da "Allah ya yi albarka." Farantin na bar musu shi.

Surukina yana nan, ya bar tuƙi ya zama mai lura da direbobi. An ce har yanzu yana kawo shawarar wuraren zuwa, sai dai yanzu sai an aiki babbar ta karanta dokokin wurin tukuna. Babbar ta shiga jami'a tana karatun haƙora, takan kira ni da gurguwar Hausarta ta tambayi sau nawa ake turara dambu. Ƙaramar ta fi uwarta tsawo, zogale kuwa har yau ba ta ci. Autata ta yi shekara uku tana nema kafin a mayar da ita aikin rana. 'Yar Kumasi sun ƙulla zumunci da autata. Tsohon Baturen da take jinya ya rasu shekarar da ta biyo, ta koma unguwar Flatbush tana kula da wata tsohuwa. Ni ina nan a ɗakina, gwiwa ta ƙi, ban sake hawa jirgi ba, na sama ko na ruwa.

Farantin an ce yana saman firji, ana sauko da shi duk Sallah. Bara na ce a nuna mini a waya in gani. Suka nuna. Ga su kuwa zagaye da shi su uku, a kan tabarma, kowace da cokalinta.